Littafin Haƙuri a Hanyar Aliero

Shekarun da nake aiki a wani ofis na jami'a a Aliero, a Maiyama nake kwana, don can gidanmu yake, can kuma yarana suke makaranta. Kullum mota ɗaya nake shiga da safe, mu ratsa Jega mu nufi Aliero, da yamma ita ke dawo da ni. Direban taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yar boko. Ko a gaban fasinja haka muke, wanda bai san mu ba sai ya ɗauka faɗa muke yi.

Mutumin kirki ne in ba a taɓa shi ba. Matsalar ita ce komai taɓawa ne a wurinsa. Kallo taɓawa ne, hon taɓawa ne, ka wuce shi a hanya kana murmushi ma ka taɓa shi. Wata ranar kasuwar Jega, wani ɗan kabu-kabu ya goge masa madubin gefe, ya waiwayo ya yi dariya. Bawana ya ja birkin hannu, ya bar ƙofa a buɗe, ya bi shi a guje cikin cunkoso. Ta wuyan riga ya fizgo shi daga kan babur, matar da ke baya ta zube da kwandon tumatirinta. Naushin farko na ji ƙararsa daga inda nake zaune, kamar an taka ƙwarya. Ya danne shi a kan kwalta yana kirɓa, jini na fita ta hanci da baki, har sai da mahauta suka bar teburansu suka zo suka ɓamɓare shi. Na ga haƙorin mutumin a ƙasa, tsakanin tumatir. Bawana ya dawo da hannu a fashe, ya zauna, ya yi bisimilla ya ta da mota, kamar wanda ya sauka sayen ruwa. Ranar ina isa ofis na yi amai.

Ba shi ne na farko ba, shi ya sa shugabannin tashar Maiyama suka zaunar da shi. Suka ce wannan ne na ƙarshe. In ya ƙara ɗaga wa wani hannu, ko shi ke da gaskiya, za su cire shi daga layi, su kuma aika wa tashar Jega da ta Aliero, ba inda zai ƙara yin lodi. Bawana ba shi da gona, bai iya wata sana'a ba. Ga mata, ga yara, ga Goggo mahaifiyarsa da ke zaune a gidansa. Duk wanda ke shiga motar nan ya san abin da ke rataye a kansa, kuma duk mun san ba zai kai damina ba.

A lokacin ni kaɗai nake sauraren littattafaina, da iyafis a kunne a ƙarƙashin hijabi. Littattafan yaƙi nake so, irin waɗanda ake karantawa a ɗauka a waya, na jarumai da takubba da sarakunan aljanu. Wata safiya wayar iyafis ɗin ta tsinke, muryar mai karatu ta fito fili daidai inda wani jarumi ya raba mutum biyu tun daga ka har ƙugu. Na yi wuf zan kashe don kunya, domin a gaba akwai wani tsohon malamin firamare da ke sauka Jega kullum.

"Ke 'yab boko, dakata," in ji bawana. "Wa ar raba wani biyu?"

Na ce ina ruwan bawa da karatun iyayen gidansa.

"Sa muna ga sifika mu ji. Ashe abin da kika ɓoyo ke nan kina zare ido."

Malam ya yi gyaran murya, amma bai ce a'a ba. Na haɗa wayar da rediyon motar. Daga ranar zaɓen littafi ya zama aikina, kuma na riƙe shi da gaske fiye da aikin da ake biya na. Akwai wani mai cajin waya a bakin kasuwar Jega da ke tura mini su, wasu kuma a guruf ɗin mata na waya nake samu. Da yamma ina girki ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai karatun da ke magana ta hanci, na goge. Wanda ke tsayawa yana gaida masoyansa na gari-gari, na goge. Wanda aka cika wa kiɗa har ba a jin magana, na goge. In akwai zancen ɗaki tsakanin miji da mata shi ma ya tafi, don ba zan iya haɗa ido da Malam ba. Abin da nake nema murya ce mai kauri wadda ke iya rinjayar ƙarar inji, da labarin da ba ya ɓata lokaci kafin a zare takobi. Muka kuma kafa doka: ba mai jin gaba shi kaɗai, har ni mai wayar. Inda mota ta tsaya, nan labari ya tsaya.

Abin da ya biyo baya ni ma ban yi tsammaninsa ba. Mai karatu na cewa kawuna na shawagi a sama, dawakai na tafiya cikin jini har gwiwa, an soke wani da mashi ta baki ya fito ta ƙeya, shi kuwa bawana yana dukan sitiyari yana ta "sare shi, ƙara mai, kak ka bar shi shi tashi." Gumi na keto masa. Amma motar tafiya take lafiya lau, a hannunta. Wata rana wata babbar mota ta matse mu har tayarmu ta sauka daga kwalta. Na zuba ido ina jiran ya bi ta. Ko kallonta bai yi ba.

"Ƙyale shi," ya ce. "Maido baya kaɗan, ban ji wa ak kashe waziri ba."

Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, bawana bai taɓa kowa ba. Yana sauke mu a Aliero sai ka gan shi a sake, kamar wanda ya gama noma ya yi wanka. A tasha har tsokanarsa ake yi wai ya tsufa. Ni dai abin da na gani shi ne jaruman nan suna yi masa faɗansa tun da safe, sai ya wuni ba ya bin kowa bashin duka. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, don na san dariya za a yi mini.

Sai ranar da Goggo ta bi mu za ta gaisuwar rasuwa a Jega. Na so in kashe, bawana ya ce ai Inna ba baƙuwa ba ce, kuma muna tsakiyar yaƙin ƙarshe. Goggo ta zauna kusa da ni da carbinta. Aka kama wani sarki azzalumi, aka ɗaure shi, jarumin ya fara yanke masa yatsu ɗaya-ɗaya. Ɗanta na gaba yana dariya yana cewa a bar babban yatsa sai ƙarshe. Na saci kallonta, na ga carbin ya tsaya a hannunta. A Jega ta sauka ta tafi gaisuwarta.

Da yamma ta aika a kira ni. Na same ta a ɗakinta a kan buzu, ta sa na rufe ƙofa.

"Ɗiyata, wagga aba da nij ji cikin mota, ke kika zaɓo mai ita?"

Na ce ni ce, Goggo.

"Mutum da zuciya tai a kusa, ke kuma kina zuba mai jini ga kunne sahe da marece? So kike shi kashe wani?"

Na fara yi mata bayani cewa tun da aka fara bai yi faɗa ba. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce wannan addu'arta ce Allah ya karɓa, kada in haɗa addu'ar uwa da tatsuniya. Sannan ta kama hannuna da hannayenta biyu, idonta ya cika da ƙwalla.

"Na haɗa ki da Allah, kak ki ƙara sa mai littahin jini. Nemo mai na haƙuri, shi ji yadda mutanen kirki ka yi."

Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. In babba ya roƙe ka, kana iya zillewa. In ya yi maka tsawa, kana iya jira ya huce. Amma in ƙanwar ubanka ta riƙe hannunka ta haɗa ka da Allah, magana ta ƙare. Na ce to. Raina a ɓace na fito, amma a hanya na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila ita ce da gaskiya. Uwa ce, ta fi ni saninsa.

Na sha wuya kafin in samu wanda zai shiga kunnensa. Na soyayya ya ce in kashe kafin ya yi amai a kan sitiyari. Na barkwanci bai ko murmusa ba. A ƙarshe na samu wani dogon labari na wani manomi mai haƙuri, wanda yayyensa suka cinye masa gonar gado. Mai karatun muryarsa a sanyaye take, kamar mai lallashin yaro. Na saurari farkonsa kawai, na ga ba jini, ba batsa, na ce wannan zai yi wa Goggo daɗi.

Abin mamaki, ya kama shi. Ya kama shi fiye da duk na yaƙin. Yayyen suka ƙwace gona, manomin ko Allah ya isa ma bai ce ba. Suka kore shi daga gidan ubansa, ya gode musu. Suka yi masa ƙazafin sata, aka zane shi a gaban matarsa, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi masallaci. Bawana ya daina dukan sitiyari. Shiru yake yi, ya riƙe shi da hannu biyu har jijiyoyin hannunsa su fito. Kullum in zan sauka tambaya ɗaya yake yi mini.

"Yaushe za shi ramawa?"

In ce ban sani ba, ai doka ta hana ni jin gaba. Malam kuwa daɗi ya cika shi, yana ta cewa wannan shi ne littafi, haka ake son musulmi. Ni ina baya ina kallon ƙeyar bawana. Ya koma yin hon ba dalili. Ya fara zagin awaki. Wani fasinja ya rufe ƙofa da ƙarfi, ya juyo ya kalle shi har mutumin ya ce a sauke shi tun bai kai inda za shi ba.

Tsoro ya sa na karya dokar. Ina wanke-wanke na tura labarin zuwa ƙarshe na saurara. Manomin bai rama ba. Ba wanda ya rama masa. Yayyen ba su talauce ba, ba su makance ba, ko zazzaɓi bai kama su ba. Yana kan gadon mutuwa ya kira su ya ce ya yafe, su kuma suka yi kukan ƙarya suka tafi raba ɗakinsa. Na tsaya da kwano a hannu.

Washegari na ce wayar ta goge littafin. Ya ce mai caji na nan a Jega, mu tsaya a sake turawa. Na ce na samo wani mai daɗi, na tarihin malamai. Ya kalle ni ta madubi.

"Sai na ga ƙarshen azzaluman ga. Kak ki yi min wasa da wanga."

Bai ce 'yar boko ba. Na koma wurin Goggo na roƙe ta ta sassauta mini ko na mako ɗaya, in sa masa na yaƙi ya huce. Ta ce ashe har na gaji da alkawarin Allah. Dole na mayar masa da littafin manomin. Na dawo gida ina jin haushinta, ina jin haushin marubucin, ina jin haushin mai muryar sanyin nan da ban taɓa gani ba.

Ƙarshen ya riske mu da bazara, lokacin da albasa ta cika Aliero. Tun kafin ka shiga gari warinta ke tarbarka. Buhuna jere a bakin hanya, manyan motoci sun cinye rabin kwalta, 'yan dako na hawa da sauka a kan katako da buhu a wuya. Malam ya riga ya sauka a Jega, saura ni da wasu mata biyu. Zafi tun da safe. Mai karatu ya karanto yafiyar, ya yi salati, ya ce nan littafi ya ƙare. Rediyon ta yi shiru.

"Ina sauran?" in ji bawana.

Na ce babu saura.

"Ba a yi musu komi ba?"

Muna tafiya a hankali saboda cunkoso. Daidai nan wata babbar mota da aka gama yi wa lodi ta yo baya ba tare da an duba mata ba. Bayanta ya daki gabanmu, fitila ta tarwatse, buhu ɗaya ya suɓuto daga sama ya faɗo kan bonet ya fashe. Direban ya leƙo ta taga, ƙato ne yana cin goro. Ya ɗaga hannu ɗaya, da ɗan murmushinsa.

"Yi haƙuri, malam."

Na ga bawana ya sunkuya ƙarƙashin kujera. Na san abin da ke wurin, ƙarfen kwance taya ne. Na cafke rigarsa ta baya da hannu biyu ina kiran sunansa na yanka, wanda rabona da faɗa tun ƙuruciya. Rigar ta yage ta bar mini tsumma a hannu. Ya taka matakalar babbar motar, ya buɗe ƙofa, ya jawo mutumin ƙasa. Bugun farko a kafaɗa ya same shi. Na biyu a ka. Goshin ya buɗe, jini ya rufe masa fuska gaba ɗaya, goron da ke bakinsa ya zubo tare da jini. Ya durƙusa yana lalube kamar makaho, bawana ya ɗaga ƙarfen zai ƙara.

'Yan dakon ne suka hana na ukun. Suka yo kansa daga ko'ina, wasu da itacen da ake tokare buhuna, wani da katakon hawa. Aka buge shi a baya ya faɗi, suka rufe shi. Ban ƙara ganinsa ba sai ƙafafu da itatuwa na tashi suna sauka. Albasa na murƙushewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, yajinta ya cika idona, ga hawaye, ban san wanne ne wanne ba. Na kutsa cikinsu ina cewa ɗan'uwana ne, ku bar shi don Allah. Gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na ji gishirin jini. Na faɗa kansa na rufe shi da hijabina. Ganin mace a ƙasa ne ya sa suka ja baya, da wasu dattawan 'yan kasuwa da suka shiga tsakani.

Hannunsa na dama ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ƙashin ya huda fata ya leƙo, fari. Idonsa ɗaya ya rufe. Yana numfashi da ƙyar, amma bai yi ko nishi ba.

Direban babbar motar bai mutu ba, alhamdulillahi. An ɗinke masa kai, dattawa suka shiga maganar har aka kashe ta ba a je kotu ba. Bawana aka kai shi wurin mai ɗori a nan Aliero, maza suka danne shi aka ja hannun aka ɗaure da kara. Tun kafin a kwance ɗorin saƙon tasha ya iso gida. Sun cika maganarsu, mai motar da yake tuƙawa kuma ya aiko aka karɓi makulli.

Da na je duba shi, Goggo na zaune a bakin ƙofa tana yi masa fifita. Ta dubi leɓena da ya kumbura, ta girgiza kai.

"Kin gani ko, ɗiyata? Jinin da kiz zuba mai ga kunne, ga shi ya hito."

Me zan ce wa tsohuwar da ɗanta ke kwance a gabanta? Na ce Allah ya ba shi lafiya, ta ce amin.

Hutun da ofis suka ba ni ya ƙare, dole na koma aiki a motar wani. Ranar farko ina fitowa da safe na same shi a ƙofar gidanmu, hannu rataye a wuya da ɗankwalin matarsa. Ya karɓi jakata da hannun hagu, ya ce zai raka ni ya nuna mini direban da ba ya wuce mota a kwana. Muka tafi a ƙasa. Muna isa bakin tasha, ɗan kamashon da ke tsaron ƙofa ya miƙe. Abokinsa ne, shekara da shekaru kwano ɗaya suke cin abinci. Bai iya kallonsa ba, ƙasa ya kalla, ya sa hannu ya tare hanya.

"Nan za ka tsayawa. Haka anka ce."

Na matsa tsakaninsu tun kafin in yi tunani. Amma ba abin da ya faru. Bawana ya dubi hannun da ya tare shi, ya dubi motocin da ke lodi a ciki, ya miƙo mini jakata.

"To," ya ce.

Ya ja baya ya tsaya a gefen kwata, inda masu sayar da ƙosai suke. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce wa namiji to ba. Na shige tasha ina kuka a gaban mutane, kuma wallahi da marin mutumin ya yi, da ya fi mini sauƙi.